Ranar da Aka Ɗaure Min Ido a Gaban Shanuna

Shafi na 14

Masu cewa rubutun jiya ya yi kaɗan, na ji ku. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kuma shanu ba su san wani abu wai shi waya ba. Ga na yau. Wanda ya sake cewa ya yi kaɗan, ya zo Kazo ya taya ni tatsa.

Motar ta tsaya a bakin shingenmu ranar Talata da hantsi.

Kenyangi ce ta fara fitowa. 'Yata ta fari, wadda ta tafi jami'a shekara huɗu da suka wuce tana dariya, yau ga ta ido a kumbure kamar wadda rina ta harba. Ta gaishe ni ƙasa-ƙasa.

Bayanta wani dogon mutum ya fito, siriri, da gilashi, da takalmi mai sheƙi irin wanda ba a shiga garke da shi. Dakta Okwir ke nan, malamin lissafi, mutumin arewa. Shi ne ya ce 'yata ta yi ƙarya.

Ta ƙarshe Farfesa Namusisi, gajeriya mai jiki, da takalmin roba har gwiwa. Daga takalmin na gane wannan ta taɓa taka kashin shanu.

Matata Keturah ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ta kawo madara. Farfesa ta shanye tata, ta miƙa a ƙara. Dakta ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce shi ba shan madara ya kawo shi ba.

Na ce masa ni ma ba ni na gayyace shi ba.

Keturah ta taka min ƙafa.

Bari in faɗa muku yadda karatun yarinyar nan yake, don ni ma sai da ta maimaita min sau uku kafin ya zauna min a kai.

Karatun halin dabbobi ba shi da gida ɗaya a jami'arsu. Yawo ake yi da shi. Sai ka ci kwasa-kwasai a sashen masu yanka kwaɗo su leƙa cikinsa. Sai ka ci wasu a sashen masu binciken tunani, waɗanda ke son sanin abin da ya sa mutum ko ɓera ya yi abin da ya yi. Sai ka je sashen al'adun mutane, wurin Farfesa, masu zama da tsofaffi suna damun su da tambaya. Sai lissafi, wurin Dakta. Ko ɗaya ka bari ba ka gama ba, ko da kai ne na ɗaya a sauran.

Kenyangi ta cinye duka. Abu ɗaya ya rage mata, aikin gani da ido na kwana talatin: a fita a zauna da dabbobi a rubuta abin da suke yi. Kuma takardar aikin sai ta samu sa hannu uku. Na masu kwaɗo, na lissafi, da na ɗaya daga cikin sauran sassan biyu, don a tabbatar aikin bai kwana a ɗaki ɗaya ba.

Ita ta zaɓi shanuna. Tambayarta ita ce, in an sake su a bakin ruwa, wace ce ke fara sha, wace ke bin ta, wace ke jira. Kwana talatin tana zaune a kan surin da ke kallon rijiya, da littafi da agogo.

Mai kwaɗo ya sa hannu. Farfesa ta ce aiki ya yi kyau, amma ba ta ga mutum a cikinsa ba, ita kuwa ba ta sa hannu a inda babu mutum. Dakta ya duba lambobin ya ga kwana talatin cur shanu suna sha a jere iri ɗaya, ba wadda ta tsallake wata ko sau ɗaya. Ya ce a duniya babu garken da ke haka. Ya ce a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiri lambobin da kanta.

Hukuncin wannan a wurinsu ba faɗuwa ba ne. Kora ce. Shekara huɗu a bola.

Kenyangi ta ce su zo su gani da idonsu. Shi ne suka zo.

Da rana ta take muka gangara rijiya.

Tun farkon aikin Kenyangi ta kafa min doka uku, yau ma ta maimaita su a gaban malamanta: ba kira, ba fito, ba ɗaga sanda. Nawa kawai in ja ruwa in zuba a kwamin laka da suke sha a ciki. Na ce na ji.

Dakta ya hau suri ya zauna kusa da ita, littafinta a hannunsa. Farfesa ba ta hau ba. Ta samu wani kututture a gefe ta zauna, ta cire hula tana fifita.

Shanu suka iso, suka tsaya nesa kaɗan yadda suka saba, ƙahoni a sama.

Bihogo ce ta fara tahowa. Jar saniyata, tsohuwa, tana takawa a hankali kamar matar babban limamin coci ranar Lahadi. Ta sha, ta ɗaga kai, ta koma gefe.

Gaju ta biyo.

Sai Mayenje.

Sai Kyozi, baƙar nan mai faɗin ƙirji da ba ta jin magana.

Dakta ya duba littafi, ya duba shanu. Ya sake duba littafi. A ta goma ya cire gilashi ya goge. A ta ashirin ya miƙe tsaye a kan suri, gara na hawa takalminsa bai sani ba. Ba zan faɗa muku yawansu ba, mu ba ma ƙirga shanu a bainar jama'a. Amma har ta ƙarshe, Nkungu, wata 'yar ƙarama marar ƙaho da ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai, ba wadda ta saɓa wa littafin.

Mutumin nan ya sauko. Ya tsaya a gaban 'yata, ya sunkuyar da kai.

"Kenyangi, na zalunce ki. Ki yafe min."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunta na rawa.

Shi kuwa baki ya buɗe. Ya ce ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ya ce za a buga shi a littafin masana da sunanta a sama, mutane daga ƙasashe za su karanta, wasu ma su zo su gwada a nasu garkunan su ga ko haka ne. Ya zaro biro daga aljihu, ya ce a ba shi takardar.

Ni ina can ina naɗe igiyar guga. Ya kamata in yi murna. Na gwada, ta ƙi zuwa.

"Dakta, mayar da biron nan aljihu tukuna."

Farfesa ce. Ba ta ma tashi daga kan kututturen ba. Ta juyo ta dube ni.

"Baban Kenyangi, ni yau ban kalli shanu ba. Kai na kalla."

Na ce Allah ya sa ta ga abin kirki.

"Me ya sa kake kallon kowace saniya kafin ta taso?"

Na ce idona ne, kuma shanuna ne.

Ta ce wannan gaskiya ne. Sai ta shiga zayyana min abin da ta gani kamar mai karanta min laifina a kotu. Wai in na kalli saniya na ɗan sauke haɓa, sai ta taho. In na tsuke ido, sai ta ja da baya. Wai baƙar nan sau uku tana ɗaga ƙafa za ta yi gaba, sau uku ina mayar da ita, ban ko ajiye guga ba.

 

Keturah, wadda ta biyo mu da butar shayi, ta ajiye ta a ƙasa.

"Faɗa musu, Kosiya. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, kuma ka san ni sai na ƙara gishiri."

Da na so musu, da na yi. Wa ya taɓa kai ido ƙara? Amma maganar Dakta ta tsaya min a wuya. Sunanta a sama. Baƙi su gwada a garkunansu su ga ba haka ba ne, su dawo su sake kiranta maƙaryaciya, wannan karon a gaban duniya.

Na ajiye igiya.

"Ni ne. Ni nake jera su."

Kenyangi ta sauke hannu daga fuska.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar farko."

"Na ce maka ba kira."

"Ban kira ba. Ban yi fito ba. Sanda ga ta can a ƙasa. Ba ki ce kada in kalle su ba."

Ta sauko daga kan suri a hankali. Na fi son ta yi ihu. Uwarta in ta yi fushi ihu take yi, a gama. Ita wannan ni ta biyo, muryarta sauka take yi.

Ta ce an zaunar da ita a gaban mutum bakwai an kira ta maƙaryaciya. Ta ce ta rantse musu da Allah ba ta taɓa lamba ɗaya ba. Ta ce ƙawayenta sun daina zama kusa da ita a ɗakin cin abinci. Ta ce ta kira ni a waya tana kuka ta faɗa min duka, ni kuma abin da na ce mata shi ne ta kawo su su gani.

Na ce ai sun gani.

Keturah ta ce in rufe bakina.

"Me ya sa, Baba? Abin da nake son ji ke nan."

Ni ba mutumin dogon bayani ba ne. Amma a gaban baƙi ta tambaye ni, a gabansu na amsa.

"Kakar Bihogo ita ce saniyar da ubana ya ba ni ranar da na fara fita kiwo ni kaɗai. Nonon uwarta kika sha lokacin da taki uwar ta kwanta ciwo. Yanzu ta tsufa, tun bara Kyozi ke neman ture ta. Ke kika ce min abin da kika rubuta zai zauna a jami'a har bayan mun mutu. Ni ba zan tsaya da guga a hannu ina kallo a rubuta an ture Bihogo daga bakin ruwa a gidana ba."

 Sai na ƙarasa, tunda na fara.

"Kuma ba zan yarda malamanki su karanta su ce shanun Kosiya ba su da tarbiyya ba."

Wani sauti ya fito daga hancin Dakta. Ya toshe baki. Ya kasa. Mutumin da ya shigo gidana fuska kamar an aiko shi karɓar gawa, sai ga shi ya durƙushe a gefen kwami yana dariya har da hawaye, yana maimaita "tarbiyya". Farfesa ma ta kama. Keturah ta juya baya, amma ina ganin kafaɗunta.

Kenyangi ba ta yi dariya ba.

Da Dakta ya samu numfashi, sai ya ce shi bai yarda ba sai ya gwada. Ya nuna Nkungu, tana can ƙarƙashin bishiya a kwance tana tuƙa, ya ce in kawo masa ita ba tare da na motsa hannu ko baki ba.

Na jira ta juyo. Na dube ta, na sauke haɓa.

Ta tashi, ta miƙe ƙafafu, ta taho har gabana.

Ya ce in mayar da ita. Na mayar.

Ya nuna wata. Ya nuna wata. Sau tara yana yi, yana rubutawa a bayan hannunsa don ya manta littafi a kan suri. Ya tambaye ni wa ya koya min. Na ce ba wanda ya koya min. Shekara arba'in kana tsaye a gaban dabba kullum da rana tsaka, in ba ta san fuskarka ba, to kai ne dabbar.

A nan Farfesa ta tashi ta kama hannun Kenyangi, ta zaunar da ita kusa da ita.

Ta ce mata kwana talatin ɗin nan ba su lalace ba, sunan da aka sa musu ne ba daidai ba. Ta ɗauka shanu take rubutawa, ashe makiyayi da shanunsa take rubutawa, kuma ta rubuta su daidai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta ce abin da ya hana ta sa hannu da can shi ne babu mutum a aikin.

Ta nuna ni da hularta.

"Ga mutum nan. Har ya yi yawa."

Dakta ya ce zancen kora ya mutu, yau zai rubuta wa kwamiti da hannunsa. Amma sa hannunsa a takardar aiki sai an kawo masa ɗaya rabin. Wasu kwana talatin, shanu iri ɗaya, rijiya iri ɗaya, babu idona. A ajiye biyun gefe da gefe a ga bambanci. Ya duba wayarsa ya ce saura kwana talatin da huɗu a rufe sunayen masu kammala karatu na bana. Gobe a gwada, jibi a fara. Kwana biyu kacal za su rage na ko-ta-kwana.

Baƙin suka tafi masauki a cikin gari. Kenyangi ta wuce ɗakin ƙoren madara wurin uwarta. Ranar ba ta ƙara ce min komai ba, abincina ma Keturah ce ta dire min shi.

Washegari da rana tsaka muka sake haɗuwa a rijiya. Dakta ya zo da takalmin roba sabo fil, da alama da safen ya saya.

Aka rasa abin da za a rufe min ido da shi. Keturah ta kwance ɗankwalinta, mai furanni ja da rawaya, ta ce ita za ta ɗaure. Ta ɗaure shi kamar mai ɗaure buhun gawayi. Na ce ta sassauta. Ta ce shekara ashirin da shida take jiran wannan rana.

Jan ruwa ba ya buƙatar ido. Na ja, na zuba, na ja, na zuba.

Na ji sun iso. Na ji sun tsaya.

Shiru.

Suna jira. Na san suna kallon fuskata suna ganin furanni.

Sai na ji ƙafa ɗaya ta motsa. Sai biyu. Daga nan sai ƙasa ta ɗauki rawa.

Ƙaho ya haɗu da ƙaho, ƙau. Wata ta yi kuka. Laka ta fantsamo min har baki. Na ji Dakta yana kiran lambobi da sauri kamar mai gwanjo, Farfesa tana cewa a matsa baya. Na tambayi Keturah me ke faruwa. Ta ce 'ya'yana masu tarbiyya ne suke gaisawa.

Wai Kyozi da Gaju sun sarƙe ƙaho a bakin kwami, kowace ta hana 'yar'uwarta. Mayenje na zagaye tana neman hanya. Ana cikin haka sai Nkungu, marar ƙahon nan da kullum nake bari a ƙarshe, ta sunkuyar da kai ta bi ta ƙarƙashin wuyansu, ta kafa baki a ruwa ta sha ta ƙoshi, ta fita ta ɗaya gefen ba wadda ta lura.

A nan na ji dariyar Kenyangi.

Rabon da in ji ta tun kafin a fara zancen korar nan. Irin wadda take yi tun tana ƙarama, mai haɗe da shaƙuwa. Ina tsaye da ɗankwalin mace a fuska, laka a baki, na ce a raina ko iya wannan aka samu an ci riba.

Sai na ji wani nishi. Na san nishin. Bihogo ce, wata ta soke ta a haƙarƙari.

Na yi tari.

Sau ɗaya. Ƙarami.

Wuri ya mutu. Ba ƙaho, ba ƙafa. Sai takun tsohuwa ɗaya, a hankali, har bakin ruwa.

"Baban Kenyangi," in ji Dakta, "tarin mene ne wannan?"

"Laka ce ta shiga min maƙogwaro."

Ya ce to wannan laka ta iya kiwo.

Aka kwance min ido. Hukunci ya fito a take, kuma su uku suka haɗa baki har da 'yata. Rufe ido bai isa ba. In an toshe min baki zan yi da kafaɗa, in an ɗaure kafaɗa zan yi da numfashi. Kwana talatin ba zan taka bakin rijiya ba. Ba zan tsaya inda za su hango ni ba. Da rana ta kusa tsaka in shiga ɗaki in rufe ƙofa.

Na ce to wa zai ja ruwa?

Keturah ta ce ita.

Na ce a gidan ubana mace ba ta taɓa ja wa shanu ruwa ba, nata ƙoren madara ne da kaɗa mai. Ta ce a gidan ubana ba a taɓa ɗaure wa namiji ido da ɗankwali ba, kuma ga shi an yi, sama ba ta faɗo ba. Dakta ya ce ita ce ma ta fi dacewa, don shanu ba su saba karanta fuskarta ba. Farfesa ta ce a rubuta wannan musun ma, ya shiga aikin.

Mutum huɗu a kan ɗaya. Na sallama.

A kan murfin mota Farfesa ta sa hannu. Dakta ya miƙa wa Kenyangi wasiƙar da ya rubuta wa kwamiti ta wanke ta, ya ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta da Turanci, ta juya mana. Da ta zo wurin da ya ce ita ce ɗalibar da ta fi kowa gaskiyar rubutu a cikin waɗanda ya koyar, muryarta ta karye. Keturah ta saki guɗa har shanu suka ɗaga kai.

Aka ci tuwon tamba da miyar man shanu. Dakta ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, ya tambaya ko za a sa masa miyar a wani abu ya kai wa matarsa.

Bayan sun tafi, Kenyangi ta same ni a bakin shinge ina duba haƙarƙarin Bihogo. Ba abin da ya same ta, ƙujewa ce kawai. Ta tsaya kusa da ni, ta ɗora hannu a bayan saniyar.

"Ka kusa kashe ni, Baba."

Na ce na sani.

"Ba za ka ce in yi haƙuri ba?"

Na ce karsanar da Bihogo ta haifa bana tata ce.

Ta dube ni, ta girgiza kai, ta ce ta karɓa. Ta ce amma in sani, a littafin nan ba a wurin godiya sunana zai fito ba. A cikin jerin abubuwan da aka bincika zai fito, ni da Nkungu a shafi ɗaya.

Na ce in dai Bihogo ce a sama, su sa ni inda suka ga dama.

Ranar Alhamis aka fara.

Da rana ta kusa tsaka na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kamar yadda aka ce. Shekara arba'in ban taɓa ganin cikin ɗakina a wannan lokaci ba. Ashe akwai wata huda a kwanon rufi da rana ke shigowa ta ciki. Na zauna a bakin gado ina kallonta.

Na kunna rediyo. Na kashe.

Na kasa kunne ko zan ji ƙarar ƙaho daga rijiya. Ban ji komai ba. Na ce to, sun daidaita ke nan, ashe ba a buƙatata. Abin ya ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye muku ba.

Can sai hasken taga ya dushe.

Na ji huci a bayan ƙofa. Wani abu ya goge bango, ƙiii.

Na tashi na buɗe.

Bihogo ce a tsaye, ƙahoninta sun fi faɗin ƙofar. Bayanta Gaju. Bayanta Mayenje. Garken duka ya cika tsakar gida har bakin shinge, sun tattake gadon albasar Keturah, ba wadda ke motsi. Nkungu ta zura kai ta taga tana shinshina matashina.

Duk ni suke kallo.

Kenyangi ta kutso ta tsakaninsu tana haki, littafi a hammata, waya a hannu, tana dariya tana share ido.

Ta ce shanun sun je rijiya, sun ga ruwa cike da kwami, sun ga uwarta. Sun tsaya sun jira, sun jira. Ko ɗaya ba ta sa baki ba. Daga nan Bihogo ta juya, sauran suka bi ta. Ta ce yau ba ta shiga lissafi ba, kwana ɗaya na ko-ta-kwana ya tafi, saura ɗaya. Kuma muddin suna jin ƙamshina a gidan nan, haka za su riƙa yi.

"Yanzu na gama magana da Farfesa. Je ka shayar da su na yau, Baba, sannan ka haɗa jakarka."

"Zuwa ina?"

"Jami'a. Ta ce tunda dole ka bar gida wata guda, akwai ɗaki a masaukin baƙi, kuma akwai ɗalibai sittin da za ka tsaya a gabansu ranar Litinin."

Na ce ni aji uku na yi. Na ce ban taɓa kwana nesa da shanuna ba. Na ce ba inda za ni, ko da Farfesa da kanta za ta zo da igiya.

Ban rufe baki ba sai ga Keturah, wadda ban ma ga dawowarta daga rijiya ba, ta fito daga ɗaya ɗakin, riƙe da kwat ɗin aurenmu, tana kakkaɓe shi.